Satar Asirin Makamai: Wane Ne Ɓarawo, Wane Ne Mai Kaya?



Duk mai sauraren labaran duniya a rediyo ya saba jin Amurka tana kururuwa cewa ƙasar Sin ta sace mata asirin makamai. Kuma ba sharri take yi mata ba. A shekarar 2016 wani ɗan kasuwa mutumin Sin mai suna Su Bin ya amsa laifinsa a gaban kotu a Amurka, cewa ya haɗa baki da masu kutse cikin kwamfuta sun kwashi bayanan jirgin dakon sojoji samfurin C-17 da na jiragen yaƙi F-22 da F-35, aka ɗaure shi wata 46. To amma abin da ya ba ni dariya, a shekarar 2025 sai ga sojan Amurkan sun fito da wani ƙaramin jirgi marar matuƙi da suka raɗa wa suna LUCAS, kuma ba su ɓoye ba cewa jirgin Iran mai suna Shahed-136 aka samu, aka warware shi, aka kwaikwaya. In mutumin Sin ya yi, sunan abin sata. In Ba'amurke ya yi, sunansa bincike. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina yi wa ɓarawo kirari ne. Mu masu rubuta littafi mun san zafin satar fasaha: ka yi wata shida kana rubutu, ka ci bashi ka buga, kafin ka sayar da rabi wani ya buga nasa a takarda mai araha ya cika kasuwa. Sai dai in ka bi tarihin makamai tun daga farko, za ka tarar babu wata babbar ƙasa da hannunta yake da tsabta. Za kuma ka tarar da wani abin da ya fi wannan muhimmanci a ganina. Mai ɓoye asirin makami, iyakar abin da yake saya da ɓoyonsa 'yan shekaru ne. Ɓarawon ma 'yan shekarun nan yake sacewa, kuma ba za su yi masa rana ba muddin babu maƙera a gidansu.

Bari mu fara da mai ɓoyo. Wajen shekara ta 672 miladiyya wani magini mai suna Kallinikos ya gudo daga ƙasar Sham ya shiga birnin Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, wadda a lokacin ita ce fadar daular Rumawa ta gabas. Ya zo wa sarki da wani haɗi na ruwa mai cin wuta. Ana ɗumama shi a tukunya, a matsa shi da famfo, ya fita ta bakin bututun tagulla da ke goshin jirgin ruwa yana ci balbal, kuma ko ya zuba a kan teku ba ya mutuwa. Turawa na kiransa wutar Girkawa. Da ita Rumawa suka ƙone jiragen ruwan Larabawa a ƙawanyar da aka yi wa birnin a 717 zuwa 718, da ita kuma suka kori jiragen kakannin Rashawa a 941.

Sarakunan birnin suka ɗauki abin nan suka kulle, suka haɗiye makullin. Wani sarkinsu na ƙarni na 10, Kustantin na Bakwai, har wasiyya ya rubuta wa ɗansa cewa duk baƙon da ya roƙi wutar nan a ce masa mala'ika ne ya kawo ta don Kiristoci kaɗai, kuma wanda ya bayar da ita tsinanne ne. Wasu masana tarihi na ganin rarraba sanin aka yi, mai haɗa ruwan bai san aikin famfo ba, mai famfo bai san haɗin ba. A farkon ƙarni na 9 Bulgariyawa suka ci wasu garuruwan Rumawa da yaƙi, suka samu bututu 36 da ruwan kansa a ajiye. Ga bututu ga ruwa, amma babu labarin sun taɓa harba shi ko sau ɗaya. Ka ga dabarar ɓoyo ta yi aiki ke nan. Matsalar ita ce ta yi aiki har ta wuce gona da iri, domin cikin juyin mulki da kashe-kashen fada masu sanin suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da mayaƙan Turai suka afka wa birnin ta ruwa a 1204, babu marubucin da ya ce an tare su da wutar nan. Har gobe masana hasashe kawai suke yi, galibinsu na cewa ɗanyen man fetur ne aka gauraya da ƙaro. Kamar tsohon nan ne mai maganin cizon maciji da ke cewa ba zai faɗa ba sai ya ga ɗan da ya cancanta, har rai ya yi halinsa, aka binne shi da maganin.

Ƙarshen birnin kuma, ikon Allah, ta hannun wani maƙeri ya zo. A 1452 wani gwanin zubin igwa mai suna Orban, wanda ake cewa mutumin Hangare ne, ya kai kansa ga sarkin Kustantiniyya yana neman aiki. Baitulmali ya bushe, sarki ya kasa biyansa abin da ya nema. Mutumin nan ya naɗe tabarmarsa ya tsallaka wurin Sarkin Musulmi Muhammadu na Biyu na daular Usmaniyya, wanda ya ba shi tagulla da ma'aikata da kuɗi yadda yake so. A garin Edirne ya zuba wata ƙatuwar igwa mai tsawon kusan mita 8, wadda sai da shanu 60 suka ja ta zuwa bakin ganuwa. Ranar 29 ga Mayu 1453 birnin ya faɗi. Babu wanda ya fasa akwati ya saci takarda a wannan labarin. Asirin yana cikin kan mutum, mutumin kuma yunwa ta kore shi.

Turawan da suka zo suka mallake mu ma ba su raina abin wani in sun ga yana da amfani. Da Ingilishi suka kashe Tipu Sultan na Maisur a ƙasar Indiya a 1799, sun kwashi rokokinsa masu kwanson ƙarfe zuwa gida, William Congreve ya yi aiki a kansu, a 1807 suka yi wa birnin Kofanhegan ruwan wuta da irinsu. Da suka juyo Afirka kuwa sai suka rufe ƙofa. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a Brussels wadda ta hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, wai da sunan yaƙi da cinikin bayi. Samori Ture, wanda ya yi shekaru yana gwabzawa da Faransawa a yankin Gini da Mali da arewacin Kwaddibuwa, ya sa maƙeransa suka warware bindigogin Faransa suka ƙera irinsu da hannu, kuma bindigar ta tashi. Sai dai mai zuga-zugi da guduma ba zai yi tsere da masana'antar da ke zubo dubbai ba. An kama Samori a 1898, bayan shekara biyar Kano da Sakkwato suka faɗi a gaban igwa da bindiga mai jigida. Shi ya sa in na ce maƙera, ba mutum goma a rumfa nake nufi ba, ƙasa nake nufi wadda ta tanadi masu narka ƙarfe da masu awo da masu lissafi dubbai.

Babbar wasoso da aka taɓa yi a wannan fage ita ce ta 1945, lokacin da Jamus ta faɗi. Jamusawa sun riga kowa ƙera roka mai cin dogon zango, V-2, wadda suka riƙa jefa wa Landan. A cikin ramin dutse aka riƙa ƙera ta kusa da garin Nordhausen, fursunoni ne ke aikin cikin yunwa da duka, har waɗanda suka mutu wajen ƙera ta sun fi waɗanda ta faɗa wa yawa. Yankin nan a rabon da aka yi na Rasha ne, amma sojan Amurka suka riga isa, suka yi lodin kayan roka kusan 100 kafin masu rabon su zo. Suka kuma ɗebi masana da injiniyoyin Jamus sama da 1,600 a hankali zuwa Amurka, cikinsu har da uban tafiyar, Wernher von Braun, wanda hafsa ne a rundunar SS ta Hitila. Rashawa su ma ba su tsaya kallon ruwa ba. A daren 22 ga Oktoba 1946 suka bi gida-gida a yankin da suke riƙe da shi, suka kwashi ƙwararru sama da 2,000 da matansu da 'ya'yansu da kayan ɗakinsu, aka zuba a jirgin ƙasa sai gabas. Ka lura, dukkansu biyun ba su gamsu da takardu da ƙarafa ba, mutanen suka ɗauke.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na jirgin B-29, wanda Amurka ta yi amfani da shi ta ƙone biranen Japan. Stalin ya roƙi a ba shi, aka hana shi. Ana nan a 1944 sai guda uku suka samu matsala bayan sun kai hari, suka sauka lafiya a gabashin Rasha, wajen Vladivostok. A lokacin Rasha ba ta shiga yaƙi da Japan ba tukuna, saboda haka ta ce doka ta hana ta mayar da su. Tsuntsu daga sama gasasshe! Stalin ya kira babban mai zanen jirage Andrei Tupolev, wanda bai daɗe da fitowa daga kurkukun Stalin ɗin ba, ya ce yana son irin wannan jirgi sak, cikin shekara biyu, kuma kada a canza komai.

Yadda tela ke farke riga ɗinki bayan ɗinki don ya ga yadda aka yanka ta, haka suka yi. Jirgi ɗaya aka warware shi kaf, ɗaya aka riƙa tashi da shi don gwaji, ɗaya aka ajiye don a riƙa dubawa. Sassa sama da 100,000 aka auna, aka zana, aka rarraba wa masana'antu da cibiyoyin bincike kusan 900. A nan ne wahalar take, domin Amurkawa da inci suke awo, Rashawa kuwa da milimita. Fallen alminiyom ɗin da aka lulluɓe jirgin da shi babu mai kaurinsa a duk faɗin Rasha. In ka sa wanda ya fi kauri jirgi ya yi nauyi, in ka sa wanda bai kai ba ya yage a sama. Haka waya, haka roba, haka gilashi, haka na'urar da ke juya bindigogin jirgin daga nesa, kowanne sai da aka koyi yin sa daga tushe. Ana raha cewa saboda tsoron Stalin har facin da ke jikin jirgin sai da suka kwaikwaya. A watan Agusta 1947, ranar bikin sojan sama a Mosko, jirage uku suka wuce ta kan 'yan kallo, jakadun Yamma suka ce ai namu ne ukun nan da suka riƙe. Sai ga na huɗu ya biyo baya. An ƙera guda 847 na wannan jirgi mai suna Tu-4, kuma bambancin nauyinsa da na asali bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Yanzu don Allah, da a wata ƙasa jiragen nan uku suka sauka wadda ba ta da masana'antu 900, me za a yi da su in ban da yara su riƙa wasan ɓuya a ciki?

Haka zancen yake game da uban makamai, bom ɗin ƙare-dangi. Amurka ta gina gari guda a kan tsauni a jihar New Mexico, Los Alamos, wanda ko a taswira babu shi, ana buɗe wasiƙun mazaunansa ana karantawa. Janar Leslie Groves da ke shugabantar aikin ya yi imani Rasha sai ta shekara 20 kafin ta yi nata, alhali masanan da ke ƙarƙashinsa suna cewa shekara biyar ta isa. Ranar 16 ga Yuli 1945 aka gwada bom na farko. Bayan kwana takwas, a taron Potsdam, Shugaba Truman ya matso kusa da Stalin ya raɗa masa cewa sun samu wani sabon makami mai ɓarna ta fitar hankali. Stalin ko gezau, ya ce madalla, a yi amfani da shi a kan Japan. Truman ya ɗauka mutumin bai gane ba ne. Kifi na ganinka mai jar koma. Tun a watan Yuni wani siririn Bajamushe mai tabarau, Klaus Fuchs, wanda ya zo cikin tawagar masanan Ingila, ya riga ya miƙa wa ɗan aiken Rasha cikakken bayanin bom ɗin a garin Santa Fe. Akwai kuma wani yaro ɗan shekara 19, Theodore Hall, da shi ma yake bayarwa ta tasa hanyar, ba tare da ɗayansu ya san da ɗaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ranar 29 ga Agusta 1949 Rasha ta tayar da nata a Semipalatinsk cikin Kazakistan, kuma kwafin na Amurka ne, wanda ya jagoranci ƙera shi, Yuli Khariton, ya faɗa da bakinsa bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. To amma nawa ne rabon sata a ciki? Galibin masana tarihi na cewa shekara ɗaya zuwa biyu ta rage musu. Takardun Fuchs ba su haƙo yuraniyom ba, ba su gina tukunyar nukiliya a tsaunukan Ural ba. Ƙasar da ta rasa mutum wajen miliyan 27 a yaƙi ita ta zuba masananta da dukiyarta da fursunoninta ta yi wannan. Hasali ma masanan suna da nasu zanen, tsoron Beria, shugaban 'yan sandan ciki, ya sa suka fara da wanda aka tabbatar yana tashi. Da suka gwada nasu a 1951 ya fi na satar ƙarfi kusan ninki biyu. Ingila ma da Amurka ta rufe wa ƙofa da doka a 1946, duk da tare aka yi aikin, ta yi nata a 1952.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka raba hukunci. Fuchs, wanda ya ba da gundarin asirin, shekara 14 kotun Ingila ta yanke masa a 1950, ya yi tara ya fito, ya koma Jamus ta Gabas ya ci gaba da aikinsa, a can ya mutu a 1988. Hall ko kotu ba a kai shi ba, duniya ba ta ma san da shi ba sai a 1995. Von Braun ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1955, rokarsa ta kai mutum duniyar wata a 1969, aka rataya masa lambar yabo. Waɗanda aka ɗora a kujerar lantarki ranar 19 ga Yuni 1953 su ne Julius Rosenberg da matarsa Ethel. Shi Julius ɗan leƙen asiri ne, wannan ya tabbata, ko da yake abin da ya bi ta hannunsa game da bom bai kama ƙafar na Fuchs ba. Ita kuwa matar, shaidar ƙaninta David Greenglass ce ta kai ta, ya ce ita ke buga bayanan a tafireta. A 2001 ya fito ya ce bai tuna ya ga haka ba, ya faɗa ne don ya tsirar da tasa matar. Suka bar yara maza biyu, ɗan shekara goma da ɗan shekara shida. Ko a littafin soyayya na rubuta ɗan'uwa irin wannan, masu karatu sai sun ce na cika ƙari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba duka labaran ne na kuka ba. A 1958 jiragen Taiwan suka harba wa jiragen Sin sabon makami mai linzami na Amurka, Sidewinder, mai bin zafin injin jirgi. Ɗaya ya soki jirgi ya maƙale bai fashe ba, matuƙin ya koma gida da shi kamar wanda aka ba saƙo. Ba a daɗe ba Rasha ta fito da nata, K-13. Sai kuma a watan Oktoba 1967 wani Bajamushe mai zanen gine-gine, Manfred Ramminger, da abokansa biyu suka shiga sansanin sojan sama na Neuburg a Jamus ta Yamma cikin dare da hazo, suka ɗora Sidewinder a baro suka turo shi waje. Tsawonsa kusan mita uku, ya ƙi shiga mota, sai suka fasa gilashin baya na Marsandi, suka naɗe kan da darduma, suka ɗaura jan ƙyalle kamar yadda dokar hanya ta ce a yi wa kaya mai tsawo. Da ya isa gida ya warware shi, ya zuba a akwati, ya aika Mosko ta jirgin sama a matsayin kaya. Akwatin har ɓatan kai ya yi a hanya kafin ya isa. Shekara huɗu aka yanke masa.

Amma in kana son ka ga bambancin ɓarawon da ke da maƙera da wanda ba shi da su, dubi Pakistan da Libiya, domin hannu ɗaya ne ya ba su. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, irin da bom ke buƙata bai kai kashi ɗaya cikin ɗari a cikinsa ba, bom kuwa yana son wajen kashi 90. Ana tace shi da wani inji mai kama da dogon bututu da ke juyawa kusan sau dubu a sakan ɗaya, a jera dubbai, wannan na miƙa wa wannan. In aka kuskure awo da ƙanƙanin abu, ko maiƙon yatsa ya taɓa inda bai kamata ba, injin na iya tarwatsewa. Abdul Qadeer Khan masanin ƙarafa ne da ya samu aiki a 1972 a wani kamfani a Holan mai yi wa masana'antar Urenco aiki, masu irin wannan inji. Da yake yana jin harsuna, har takardun sirri aka ba shi ya fassara daga Jamusanci. Indiya ta gwada bom ɗinta a Mayu 1974, Zulfikar Ali Bhutto kuwa ya daɗe da cewa ko ciyawa za su ci sai sun yi nasu. A Disamba 1975 Khan ya tafi hutu gida da iyalinsa, bai koma ba. Ya tafi da zane, ya kuma tafi da abin da ya fi zane tsada, wato sunayen kamfanonin Turai da ke ƙera kowane sashe. Kuma kamfanonin nan sun sayar, suna sane ko suna runtse ido. Duk da haka, da taimakon Sin a gefe, sai da Pakistan ta yi shekaru tana fama a Kahuta, ba ta gwada bom a fili ba sai ranar 28 ga Mayu 1998. A Holan an yanke wa Khan shekara huɗu a bayan idonsa a 1983, daga baya aka soke hukuncin. A gida kuwa gwarzo ne. Ɓarawon wani, waliyyin wani.

Daga nan sai ɓarawo ya buɗe shago. Ya sayar wa Iran, ya sayar wa Koriya ta Arewa, ya sayar wa Libiya, kamar yadda ya amsa a talabijin ranar 4 ga Fabrairu 2004, washegari Janar Musharraf ya yafe masa. Masu cewa satar asiri alheri ce don tana hana ƙasa ɗaya ta yi wa duniya kama-karya, ina fahimtar su, ni ma hankalina ba zai kwanta da duniyar da mutum ɗaya ne ke da wuƙa a cikinta ba. Amma su tsaya su dubi wannan shagon. Wanda ya sata don kishin ƙasa yau, gobe don kuɗi zai sayar, kuma ba ya tambayar mai saye me zai yi da shi.

Gaddafi yana da duk abin da kuɗi ke saya. Tsakanin 1978 da 1981 Libiya ta sayi garin yuraniyom sama da tan 2,000 daga maƙwabciyarta Nijar. Daga 1997 ta shiga ciniki da mutanen Khan, ta yi odar kayan injuna 10,000, ana ƙera wasu a Malesiya ana bi da su ta Dubai. Har zanen kan bom ɗin kansa aka ba ta, wanda asalinsa na Sin ne, a cikin ledar wani shagon tela na Islamabad. A Oktoba 2003 aka tare wani jirgin ruwa mai suna BBC China, aka karkatar da shi zuwa Italiya, aka samu kayan a ciki. Ranar 19 ga Disamba Gaddafi ya ce ya haƙura. Da masu bincike na hukumar nukiliya ta duniya suka shiga, sai suka tarar da yawancin kayan suna cikin akwatunansu. Jeri ɗaya mai injuna tara kacal aka kammala haɗawa, kuma ba a tace komai ba. Ga ƙasa, ga kuɗi, ga zane, ga inji, babu hannun da zai haɗa.

A farkon 2004 aka kwashe kayan nan zuwa Oak Ridge a jihar Tennessee, wata tsohuwar masana'antar makaman nukiliya ta Amurka, aka kira 'yan jarida suka ɗauki hoto. Abin da ba a nuna wa 'yan jaridar ba shi ne, a daidai shekarun nan, a cikin wannan harabar, Amurkawa na can suna fama da irin ciwon Rumawa. Akwai wani sinadari da suke kira Fogbank, wanda ake sa wa a cikin kan bom samfurin W76 na jiragen ƙarƙashin teku, wanda har yau ba a bayyana ko mene ne ba. Sun ƙera shi daga 1975 zuwa 1989, suka rufe wurin. Da lokacin sabunta bama-baman ya zo sai aka nemi yadda ake yin sa aka rasa. Rahoton ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokinsu na 2009 ya ce ba a ajiye bayanai sosai ba, kuma kusan duk waɗanda suka san aikin sun yi ritaya ko sun bar wurin. Aka gina sabon wuri, aka bi abin da ya rage a rubuce, abin ya ƙi fitowa daidai. Aikin ya makara da shekara guda, ya ci ƙarin dala miliyan 69. Daga ƙarshe suka gano cewa a tsohon haɗin akwai wata 'yar ƙazanta da ke shiga ba da sanin kowa ba, kuma ita ce ke sa abin ya yi kyau, sabbin na'urorinsu masu tsabta kuwa suna tace ta. Sai da suka gyara hanyar aikin yadda ƙazantar za ta dawo, sannan a 2008 suka samu abin da suke nema.